Man Kifi a Hannun Bakteriya: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun da muka tattaro a wannan fitowa duk a kan batu guda suke, wato yadda ake sa bakteriya su sauya asid ɗin mai da ke cikin man kifi. Masana ƙananan halittu da na sinadaran abinci ne suka amsa, kuma an taƙaita wasu tambayoyin.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malamai. Ina jin ana cewa ana zuba bakteriya a man kifi don ya koma wani abu mai daraja. Me ake sauyawa a ciki? Kuma me ya hana a yi aikin da sinadarai kawai a huta? Daga wani malamin sakandare.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kusan duk man kifi tiraigilisaraid ne, wato ƙwayar gilisarol guda da asid ɗin mai uku ɗaure a jikinta. Asid ɗin iri-iri ne, amma biyu ake rububi a kansu, EPA da DHA. EPA sarƙa ce mai kabon 20, kuma a wurare biyar kabon biyu sun riƙe juna da tagwayen ɗauri: a kan na 5, 8, 11, 14 da 17. DHA kuwa kabon 22 gare shi, da tagwayen ɗauri shida a kan na 4, 7, 10, 13, 16 da 19. Ana fara ƙirgen daga kan sarƙar, inda ɓangaren asid yake. Ka riƙe lambobin nan, domin a kansu duk sauran bayanin yake tafiya. A man ƙananan kifayen teku irin su sadin, EPA kan kai kashi 18 cikin 100, DHA kuma kashi 12. A man tuna DHA ne ke rinjaye.

Ita bakteriya ba da kanta take aikin ba, enzayim ɗin da ke cikinta ne, wato furotin masu hanzarta sauyin sinadarai. Laifes yana kwance asid daga jikin gilisarol. Haidirates yana cusa ƙwayar ruwa a kan tagwayen ɗauri guda, sai wurin ya sami OH, wato oksijin da haidirojin a haɗe. Laifoksijines, wanda za mu riƙa kira LOX, oksijin yake ɗorawa. P450 kuma yana mai da tagwayen ɗauri wani ɗan zobe mai oksijin da ake kira efoksaid. Akwai kuma bakteriyar tumbin dabbobi masu tuƙa, waɗanda ke cike ɗaurin da haidirojin har ya ɓace.

Dalilin da ya sa ake wahalar reno maimakon a zuba sinadari shi ne zaɓe. Idan ka haɗa EPA da sinadarin da ke yin efoksaid, ba ruwansa da wane ɗauri ne, duk wanda ya tarar shi zai taɓa. Sai ka tashi da efoksaid iri biyar, kowanne kuma a siffa biyu, ta dama da ta hagu, waɗanda masana ke yi wa alama da R da S, ga kuma waɗanda aka taɓa sau biyu ko uku. Raba wannan tarkace ya fi yin sa wuya. Amma enzayim P450 BM3 na bakteriyar ƙasa Bacillus megaterium, kamar yadda aka wallafa a 1996, ɗaurin ƙarshe kawai yake nufa, tsakanin kabon na 17 da na 18, ya bar sauran huɗun, kuma kusan duk abin da ya fitar siffa ɗaya ce. Jikin ɗan Adam yana bambance siffofin nan sarai, ɗaya takan yi aiki ɗaya kuma ta zauna banza. Ƙari a kan haka, ana aikin a cikin ruwa, a zafin ɗaki, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga man da zafi kaɗan ke lalatawa.

Tambaya: Barkanku da aiki. Ina aikin kammala digiri. Na huda ƙwayoyin man kifi na zuba man a ruwan renon Lactobacillus plantarum, na bar shi kwana biyu a digiri 37. Ban ga wani sauyi ba sai ɗan tabo guda a farantin TLC, wanda ake raba sinadarai a kansa a gan su tabo-tabo, shi ma ban gane shi ba. Ina matsalar take? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Malama, tun daga man aka sami tangarɗa. Haidirates ba ya kama asid sai kansa yana sake. Man da ke cikin ƙwayoyin nan ko dai tiraigilisaraid ne ko kuma an ɗaura asid ɗin a jikin etanol, kuma duk biyun kan a toshe yake. Bakteriyar madara irin su Lactobacillus kuwa laifes ɗinsu ba shi da ƙarfin da zai kwance miki shi. Ke za ki kwance da kanki, ta hanyar mai da man sabulu sannan ki karya sabulun.

Ga yadda ake yi. A gram 25 na mai, ki narkar da gram 6 na KOH, sinadarin yin sabulu, a mililita 11 na ruwa, ki haɗa da mililita 66 na etanol mai ƙarfin kashi 95. Ki zuba man, ki kore iskar cikin kwalbar da naitirojin, ki ɗora bututun sanyaya tururi a bakinta, ki riƙa juyawa a digiri 60 tsawon awa guda. Da farko za ki ga hawa biyu, man a ƙasa, etanol a sama. Alamar an gama ita ce su koma ruwa guda garau, ba ɗigon mai ko ɗaya. Ki ƙara ruwa mililita 50, ki wanke da heksen sau biyu ki zubar da heksen ɗin, shi ke ɗauke kolestarol da sauran abin da bai zama sabulu ba. Sai ki ɗiga asid ɗin HCl har pH, wato ma'aunin tsami, ya sauka zuwa 2 ko ƙasa, nan take asid ɗin zai taso sama. Ki kwashe shi da sabon heksen, ki tsotse damshinsa da busasshen sodiyam salfet, ki busar da heksen ɗin ƙasa da digiri 40. KOH yana cin fata kuma yana makantarwa, saboda haka tabarau da safar hannu dole ne.

To ko da kin yi wannan, akwai sauran rina a kaba. Haidirates ɗin plantarum, wanda masu bincike na Jami'ar Kyoto ta Japan suka fayyace aikinsa a 2013, tagwayen ɗauri na kan kabon na 9 yake nema, ya ɗora OH a kan na 10. Haka ma ɗan uwansa da aka fara ganowa tun 1962 a cibiyar binciken noma ta Peoria a Amurka, mai mai da asid ɗin oleyik wani asid mai OH a kabon na 10. Koma ki duba lambobin da muka ba Malam a sama: EPA da DHA ba su da ɗauri a kan 9. Enzayim ɗin zai wuce su kamar bai gan su ba. Wanda aka san yana taɓa dogayen sarƙoƙi shi ne FA-HY1 na Lactobacillus acidophilus, da mutanen Kyoto suka bayyana a 2015. Yana aiki daga kabon 16 har 22, kuma a DHA kabon na 14 yake ɗora wa OH.

Shi kuwa tabon da kika gani, mun fi zaton ba daga EPA ko DHA ya fito ba. Man kifi yana ɗauke da oleyik da falmitoleyik, kuma su suna da ɗauri a kan 9. Sannan ruwan reno na MRS yana da Tween 80, gram guda a kowace lita, shi kuma daga oleyik ake yin sa. Ki reni bakteriyar ba tare da man kifi ba, ki ɗiga a faranti guda da na farko. In tabon ya sake fitowa, kin san mai shi. Idan za ki sake gwajin, ki wanke ƙwayoyin bakteriyar ki yi aiki da su a pH 6 zuwa 6.5, cikin kwalba a toshe ba iska, domin haidirates ba ya buƙatar oksijin, man kuma ya fi zama lafiya in babu shi.

Tambaya: Da na zuba DHA gram 5 a lita, bakteriyar suka daina girma, washegari ma sun mutu. Da na rage shi kuma sai DHA ɗin ya ɓace, ban ga abin da ya zama ba. Daga ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje.

Amsa: Malam, sakakken DHA guba ne ga bakteriya. Yana kutsawa cikin fatar ƙwayar, ya sassauta ta har abin ciki ya riƙa yoyo, ya kuma dagula hanyar da take samun ƙarfi. Masu bango guda, irin su Bacillus da Lactobacillus, su suka fi jin jiki. E. coli da Pseudomonas suna da fata ta biyu a waje da ke kare su, sai dai ita ce kuma ke hana man shiga da sauri.

Maganin shi ne a raba reno da aiki. Ka bar su su girma a abincinsu ba mai. Idan sun cika, ka juya su a na'urar santirifuj minti 10 zuwa 15 a digiri 4, ka zubar da ruwan, ka wanke su sau biyu da ruwan fosfet mai riƙe pH, sannan ka dama su da kauri, kamar gram 5 zuwa 20 na busasshen nauyi a lita. Ƙwayar da ba ta cikin rabuwa ta fi juriya, kuma yawansu na sa gubar ta rarrabu. DHA ɗin kuma ka narkar da shi a etanol ko DMSO tukuna, ka kula kada manarkin ya wuce kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na ruwan duka. Fara da rabin gram zuwa gram guda a lita, in ka ga ya kusa ƙarewa ka ƙara. Gram 5 ɗin nan da ya kashe su a zuba ɗaya, sau da yawa sukan iya da shi in an ba su kaɗan-kaɗan. Akan kuma sa furotin BSA ko saikulodestirin su riƙe asid ɗin su riƙa sakinsa a hankali.

Ɓatan da ka ce ya yi kuwa, wurare uku za ka duba. Na farko, cinye shi suka yi: bakteriya na guntule asid ɗin mai kabon biyu-biyu su ƙona shi a matsayin abinci. Ɗan gulukos yakan kawar da hankalinsu daga kansa, a E. coli kuma akan cire ƙwayar gado ta fadD ko fadE don a toshe hanyar baki ɗaya. Na biyu, ya manne. Ka ɗaga kwalbar ka duba daidai inda ruwan ke tsayawa in ana girgiza shi, za ka ga wani siririn zobe mai maiƙo, wani kuma ya laƙe a jikin ƙwayoyin. Wanda ya ɗebi ruwan sama kawai ya gwada zai ce ba komai. A tatsi kwalbar gaba ɗayanta, har da ɗauraye bangonta. Na uku, in ruwanka na da kalsiyam ko magniziyam da yawa, asid ɗin zai haɗu da su ya zama farin tsaki da ba ya narkewa. Kafin ka tatsa, ka zuba sanannen adadi na wani asid da babu shi sosai a man kifi, kamar mai kabon 23 marar tagwayen ɗauri. Abin da ya dawo maka daga gare shi zai nuna maka nawa ka yi asara a hanya.

Tambaya: Ranku ya daɗe, da gaske ne ana yin sinadaran da ake kira resolvin da bakteriya? Ya ake yi? Daga mai haɗa magunguna.

Amsa: Da gaske ne, ranka ya daɗe. Charles Serhan da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard ne suka gano su a farkon shekarun 2000. Jiki ne ke yin su daga EPA da DHA, ɗan mitsitsi, domin kashe kumburi in ya gama aikinsa. Haɗa su da sinadarai yana cin matakai masu yawa, shi ya sa aka koma neman enzayim, kuma ɗakin binciken Deok-Kun Oh na Jami'ar Konkuk a Koriya ta Kudu ya yi fice a wannan fanni.

Ana ɗauko ƙwayar gadon LOX daga wata bakteriya, misali Archangium violaceum ko Burkholderia thailandensis, a dasa a E. coli. A rene ta a digiri 37 har duhun ruwan a ma'aunin haske na 600 ya kai 0.6 zuwa 0.8, a zuba sinadarin IPTG kaɗan, kamar milimola 0.1, don ta fara yin enzayim ɗin, sannan a sauke zafin zuwa digiri 16 a bar ta ta kwana. Wanda ya yi gaggawa ya bar ta a 37 zai sami furotin mai yawa, amma a dunƙule, ba ya aiki. Wannan LOX daga wutsiyar sarƙa yake ƙirge, ya ɗora oksijin a kabon na shida daga ƙarshe. A EPA wannan ya faɗa kan na 15, a DHA kan na 17. In ya sake kama abin da ya yi ya ɗora na biyu, EPA zai zama resolvin E4, mai OH a 5 da 15, DHA kuma ya zama resolvin D5 mai OH a 7 da 17, ko protectin DX mai OH a 10 da 17, gwargwadon enzayim ɗin. Yawanci ana aikin a pH 8 zuwa 9 da zafin digiri 20 zuwa 25.

Inda gizo ke saƙa shi ne oksijin. Mu yi lissafi. Gram guda na DHA a lita kusan milimol 3 ne. Kowace ƙwaya na son oksijin biyu, ke nan milimol 6. Ruwa kuwa a digiri 25 abin da yake riƙewa bai wuce miligram 8 a lita ba, wato rubu'in milimol guda. Ke nan sai ruwan ya sha iska ya sake sha har sau 24 kafin gram ɗayan nan ya ƙare. Don haka ba a cika kwalba, kashi ɗaya cikin biyar ko cikin goma ya isa, a girgiza sau 200 a minti, ko a hura tsantsar oksijin. Sai kuma wata ta taso: a pH 8.5 DHA sabulu ne, da an hura sai kumfa ta hau, ta kwashe shi zuwa wuyan kwalba, ta kuma lalata enzayim ɗin. Maganin kumfa yana taimakawa, amma in ya yi yawa shi ma yana rage shigar iskar.

Abin da LOX ke fitarwa da farko feroksaid ne, mai OOH ba OH ba. Ba ya daɗewa, kuma in ya taru shi ke kashe enzayim ɗin da ya haife shi. Akan zuba sistin ko TCEP tun da wuri su riƙa mai da shi OH. Matakin farko yana sauri, na biyu na jan ƙafa, kuma barin kwalba ta kwana don a ƙara samu yakan jawo asara ne, domin iska na ci gaba da nata aikin. Muna kuma tunatar da kai, a matsayinka na mai magani, cewa waɗannan kayan bincike ne. Yin su a kwalba daban, tabbatar da cewa suna warkar da mutum daban.

Tambaya: Na ga sabbin tabo a TLC bayan kwana uku, kuma ma'aunin haske ya nuna tashi a nanomita 235, inda asid ɗin da LOX ya taɓa kan tashi. Shugabana ya ce wannan ba hujja ba ce cewa enzayim ne ya yi aikin. Ba tsanani ya yi ba kuwa? Daga ɗalibin digiri na biyu.

Amsa: Shugabanka ya yi gaskiya, kuma a duk tambayoyin nan taka ce muka fi so a karanta da kyau. DHA ba ya buƙatar bakteriya kafin ya sha oksijin. Tsakanin kowane tagwayen ɗauri biyu akwai kabon guda da haidirojin ɗinsa ke saurin fita, EPA na da irinsa huɗu, DHA biyar. Haske, ɗumi, ko ɓurɓushin ƙarfe da tagulla sun isa su tayar da abin. Kai kuma ka ba shi ɗumi, ka ba shi iska, ka girgiza shi kwana uku. Abin da iska ke yi shi ma yana tashi a 235, shi ma yana tsayawa wuri guda da na enzayim a TLC.

Sai ka kafa kwalaben shaida, su sha duk abin da ta gwaji ta sha. Ɗaya da ƙwayoyin da aka tafasa minti 10, ita za ta nuna aikin iska. Ɗaya da E. coli ɗin da ba a dasa wa enzayim ba, in irin aikin da kake yi ke nan. Ɗaya da bakteriya ba mai, ita za ta nuna abin da su da abincinsu ke zubarwa. A ganinmu, duk rahoton da bai kawo sakamakon ta farkon ba bai cancanci a kafa hujja da shi ba, ko a wace mujalla ya fito.

Hannun iska da na enzayim sun bambanta in an duba da kayan da suka dace. Iska na ɗora oksijin a wurare takwas a EPA, goma a DHA, kuma kowanne rabi R rabi S. Enzayim wuri ɗaya ko biyu yake taɓawa, siffa ɗaya. A na'urar LC-MS, mai raba sinadarai ta auna nauyinsu, EPA na fitowa a 301, DHA a 327. In an ɗora oksijin guda za ka ga 317 da 343, in biyu ne a DHA 359. Aikin haidirates kuwa 18 yake ƙarawa ba 16 ba, ke nan 319 da 345, kuma shi ba ya tashi a 235 ko kaɗan. Ka lura efoksaid na EPA shi ma 317 ne, sai gutsattsarinsa da lokacin fitowarsa ne za su raba shi da mai OH. In ka ga tsauni guda dogo, alama ce mai kyau. In ka ga jerin ƙananan tuddai kusan kai ɗaya, iska ce. Hukuncin ƙarshe na bututun da ke raba R da S ne.

Ka kuma binciki man tun kafin ka fara. Ma'aunin Codex na 2017 ya ƙayyade feroksaid kada ya wuce 5, anisidin 20, jimlarsu kuma, wato ninki biyu na feroksaid a haɗa da anisidin, kada ta wuce 26. Man da ya riga ya yi gafi ya zo da nasa tabon daga gida. Sai dai fa maganin hana gafi irin su BHT da bitamin E suna danne LOX, don haka sai an gama aiki ake zuba BHT, a cikin manarkin tatsa.

Tatsar ma na iya ɓata sakamako. An saba sauke pH zuwa 2 kafin a tatsa da etil asitet, amma efoksaid ba ya jure wannan, zoben yakan buɗe. A tsaya a 4, a yi sauri, a yi cikin sanyi. Haka nan sinadarin BF3 mai zafi da ake amfani da shi kafin a sa mai a na'urar gwaji ta GC yana ɓata masu OH da efoksaid. A busar ƙasa da digiri 35, a narkar a etanol, a rufe da naitirojin cikin kwalbar gilashi mai duhu, a ajiye a digiri 80 ƙasa da sifili in da hali, in babu 20 ƙasa da sifili.

Tambaya: Na ji cewa man kifin da Pseudomonas ta sarrafa yana kashe ƙwayoyin da ke ɓata abinci. Zan iya yi don adana kayan da nake sarrafawa? Daga mai ƙaramar masana'antar abinci.

Amsa: A'a, Hajiya, kada ki soma. Maganar na da tushe: nau'in PR3 na Pseudomonas aeruginosa, wanda Ching Hou ya yi aiki a kansa a Peoria tun 1991, yana mai da oleyik wani asid mai OH biyu a kabon na 7 da na 10, kuma a 2007 masu bincike a Koriya ta Kudu sun ba da rahoton cewa EPA da DHA da ya sarrafa sun hana girman bakteriya irin su Listeria da Staphylococcus a faranti. Amma ɗanyen tatse aka gwada, cakuɗe. Sakakken EPA da DHA da ma suna kashe irin waɗannan. Ita Pseudomonas ɗin kuma tana fitar da nata sinadaran yaƙi, har da ramnolifid, wanda da asid da etil asitet ake tatsarsa, hanya guda da ta man. Bayan haka, bakteriya ce mai cutar da masu rauni, tana kama huhu da ƙuna da ido, tana kuma jure magunguna da yawa. Wurinta ɗakin gwaji mai matakin tsaro na biyu, ba kusa da abinci ba.

Tambaya: Tunda haka ne, babu bakteriyar da ke yin EPA da kanta a huta da kifi? Daga mai karatu.

Amsa: Akwai. A ƙarshen shekarun 1980 Kazunaga Yazawa ya samo wata Shewanella mai yin EPA daga hanjin kifin teku a Japan, Moritella marina kuma tana yin DHA. Sai dai a fatarsu suke ajiye shi don jure sanyi, ba sa tara mai, abin da ake samu kaɗan ne. Masana'antu sun karkata ga Schizochytrium, wadda ba bakteriya ba ce, kuma mai kan kai rabin busasshen nauyinta.

Tambaya: Yaya ake ɗaga EPA da DHA daga kashi 30 zuwa sama da laifes? Daga ma'aikacin matatar mai.

Amsa: A nan ƙyamar enzayim ake ci. Ɗaurin farko na EPA da DHA yana dab da kai, a kan 5 da 4, sai ya lanƙwasa sarƙar daidai inda laifes ke kamawa. Laifes ɗin Pseudomonas yakan bi sauran asid ɗin ya bar waɗannan biyun, kamar yadda Gudmundur Haraldsson na Jami'ar Iceland da abokansa na Norway suka nuna a 1997. Ana haɗa mai da etanol a zafin ɗaki ba tare da ruwa ba. Gram 100 na mai na buƙatar etanol kusan gram 15, kuma gara a raba shi kashi biyu ko uku, domin in ya yi yawa a lokaci guda yana kashe enzayim ɗin. Asid ɗin da aka kwance suna komawa jikin etanol, a janye su da tururi a na'urar da aka zuƙe wa iska, abin da ya rage a jikin gilisarol kuma EPA da DHA kan kai kusan rabinsa. A tsayar da aikin in an kwance kusan rabin asid ɗin. Ƙyamar nan ta jinkiri ce kawai, in masu sauƙin sun ƙare laifes zai juyo kan waɗanda kake tarawa.

Tambaya: Malamai, ina da shanun tatsa. In na riƙa ba su man kifi, madararsu za ta cika da DHA? Daga mai kiwo.

Amsa: Ba yadda kake zato ba, Alhaji. Kafin man ya kai hanji sai ya bi ta tumbi, kuma bakteriyar can, musamman jinsin Butyrivibrio, suna cike tagwayen ɗauri da haidirojin don kare kansu daga gubarsa. Mafi yawan EPA da DHA a nan suke ƙarewa, abin da ke isa madara yawanci bai kai kashi 5 cikin 100 na abin da saniya ta ci ba.

Amma man na yin wani tasirin ta bayan fage. Asid masu kabon 18 na ciyawa da hatsi suna bin matakai har su zama istiyarik, kuma bakteriyar da ke yin matakin ƙarshe, Butyrivibrio proteoclasticus, ba ta jure man kifi. In ta yi sanyi sai asid ɗin baksenik, wanda ke gabanin na ƙarshe, ya taru, hantsar saniya kuma ta mai da shi wani asid mai kabon 18 da ake kira CLA. Shi ya sa CLA ke ninkawa a madarar shanun da ake ba man kifi. Kuɗin da ake biya shi ne maiƙon madarar yana raguwa. Abin ya fi muni in abincin hatsi ya yi yawa, tumbi ya yi tsami, domin a lokacin bakteriyar na sauya hanya su fitar da wasu asid masu ɗauri a kabon na 10, waɗanda ke hana hantsa yin mai.

In za ka gwada, kada man kifin ya wuce kashi 1 cikin 100 na busasshen nauyin abincin yini, wato gram 150 ga saniyar da ke cin kilo 15, kuma duk man da ke cikin abincin a haɗe kada ya haura kashi 6 zuwa 7. A gwaje-gwajen da aka kai kashi 2 zuwa 3, shanun sun rage ci. Ka shigar da shi a hankali cikin mako biyu, a gauraye da sauran abinci, ciyawa mai tsawo kuma ta wadata. Man da ke ƙarni mai kaifi kada ya shiga kwami. In ka ga sun fara barin abinci, ko maiƙon madara ya faɗi a gwaji, ka rage shi da rabi ka ƙara ciyawa. Idan kuwa DHA ɗin kake nema a madarar, sai man da aka lulluɓe don ya tsallake tumbi, shi ma ka nemi mai sayarwa ya nuna maka sakamakon gwajinsa a madara kafin ka saya.